Fulogi a Aljihun Maccido

Luka Makanike ɗan Zuru ne, amma a Goronyo ya yi furfura. Shekara talatin da ɗaya yana gyaran injin ban-ruwa, har ta kai in inji ya yi tari a fadama, kafin mai shi ya yi salati sai ya ce, "Ina Luka?" Manoman albasa kan yi masa addu'ar tsawon rai tsakani da Allah, don sun san in ya mutu albasa ma za ta bi shi.

Bai mutu ba. Ingila zai tafi. 'Yarsa Tabita, nas ce a can, ta gaji da ganin baƙin mai a farcensa ta waya, ta aiko da takardu. Ranar Lahadi ya miƙe a coci ya gode wa Yesu, ya ɗaga yatsunsa goma jama'a su shaida inji bai ci ko ɗaya ba. Sannan ya ware kwana uku na ban kwana, ya ajiye mutum guda a ƙarshe: Maccido na Rimawa, wanda ya sauke shi a zaurensa ranar da ya iso bai san kowa ba. Tsakaninsu sai zolaya, Luka bai taɓa ce masa na gode ba. Wannan karon ya ƙudura sai ya faɗa.

Kuskurensa ɗaya: ya fita da akwatin kayan aiki, don sabo. Duk gidan da ya yi sallama sai a shimfiɗa tabarma, a kawo fura, a yi fatan sauka lafiya, sannan maigida ya yi gyaran murya.

"Tunda dai ka zo..."

A Wurno ya gyara inji bakwai. A Gandi wata tsohuwa ta fito da keken ɗinki. Wani Halliru da ba shi da inji ya aro na maƙwabci, don kada a bar shi a baya. Kwana uku suka ƙare. Da safiyar tafiya, mota na lodi a tasha, Luka ya hau babur ɗin kabu-kabu sai Rimawa.

Ya tarar da Maccido a ƙofar gida, inji a gabansa.

"Ɗan Zuru, sai yanzu? An ce za ka tahi gyara ma Turawa. Su ma suna noman albasa?"

"Baba Maccido, na zo ne in ce..."

"Dakata. Duba min wanga, tun jiya ya ƙi tashi."

Luka ya durƙusa. Babu fulogi. An ma goge gurbinsa tsaf. Aljihun rigar tsohon kuwa ya rinjaya gefe guda.

"Mi ya same shi?" in ji Maccido, yana kallon sama.

"Babban ciwo ne. Zai ɗauki lokaci."

Ya zauna daram, ya shiga kwance abin da lafiyarsa lau. Kansa a sunkuye, kamar da injin yake magana, ya ce, "Na gode wa Yesu da ya kawo ni zaurenka. Kai ma na gode, Baba."

"Alhamdulillahi. Bar surutu ka yi aiki." Maccido ya kau da kai.

Sai da aka kira azahar Luka ya miƙa hannu bai ɗago ba. Maccido ya ɗora masa fulogin. Ja ɗaya, inji ya tashi.

Mota kam ta daɗe da tafiya. A saman lodin albasa ya isa Sakkwato, akwatin kuma yana nan a zauren Maccido.