Saƙon Inna Yana Hanya

Ba sayayya ke kai ni kasuwar Bukkuyum ba. Ƙauyenmu ba wuta, ba sabis, saboda haka duk mako nakan tara wayoyin gidanmu da na maƙwabta a jaka, in hau kabu-kabu idan an ce hanya lafiya, in sauka a shagon caji da ke bakin tasha. Mai shagon ya jona su jikin wani katako da ya cika da soket, janareto yana ta kuka a bayan rumfa, mu kuma mu jeru kan benci muna jiran batir ya cika. Nan ce majalisarmu. Babu wanda ya taɓa shiga jirgi a cikinmu, amma duk abin da Turawa ko 'yan Sin suka ƙera, kafin la'asar mun yanke masa hukunci.

Ni ne mai bakin majalisar, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Da aka nuna mana wayar da ake naɗewa kamar tabarma, ni na ce wanda ya ƙera ta bai taɓa faɗuwa daga kan babur a hanyar Anka ba. Manhaja kuwa, da zarar ta ce a sabunta ta na san wata ɓarnar za a ƙaro, ta cinye memori, ta kwashe maɓallan da ka saba da su ta kai wani lungu. Fassarar fim ɗin Indiya ina bayanta har gobe, don babu abin da ke wanke mini zuciya kamar in ji basamuden Ba'indiye yana zagi da bakin 'yan tasha. Fina-finanmu masu dogon zango ne ban yafe wa ba. Mutum guda ya kwanta asibiti tun kafin shuka, har an yi girbi bai mutu ba, bai warke ba, data kuma tana ta ƙonewa.

Abokin gardamata wani direban bas ne mai jigila zuwa Gummi. Lokacin da aka shigo da haƙar kuɗi ta waya, wadda ake dangwalar gilashi da yatsa wai arziki na taruwa, shi ya fi kowa dagewa. Yana jiran fasinja yana dangwala, yana cin rogo yana dangwala. Na ce masa mu da muka haƙi zinariya ta gaske da diga da shebur, dalma muka kwaso ta kashe mana yara, shi yana tsammanin yatsa zai fisshe shi? Ya ce baƙin ciki ne irin nawa. Da abin ya fashe bai zo majalisa ba sai da muka aika a kira shi.

Amma akwai abin da nake fara dubawa duk ranar kasuwa kafin in buɗe baki, shi ne saƙon yayana.

Shi ne ɗan farin Inna. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun yana ƙarami kakarmu ta ɗauke shi, a ɗakinta ya tashi. Na girma ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. Idan dole ta yi, sai ta ce "wancan". Ko abinci za ta ba shi, ni za ta kira ta ce in kai wa wancan, alhali yana zaune kusa da ita fiye da ni. Ya yi shekaru yana daka dutsen zinariya a wajen Tungar Daji. Da ciwon dalma ya ci yara, daga baya masu bindiga suka mamaye ramuka da gonakin nesa, sai ya bi ayarin samari suka yi arewa, can bayan Agadas, inda aka ce ana tsintar zinariya a cikin rairayi.

Daga can yakan turo murya ta manhajar nan mai koren tambari da kowa ke amfani da ita. In sauke a shagon caji, in kawo gida. Da yamma sai in zauna tsakar gida kusa da inda Inna ke tsince wake, in ƙure sauti, kamar ni kaɗai nake saurare. Ita kuma ta sunkuyar da kai kamar kurma, sai dai hannunta ya tsaya cak a cikin faifai. Zai ba da labarin tsadar ruwa, da sanyin dare, da abokinsa da rami ya rufta wa. A ƙarshe ya ce a gaida tsohuwa. Idan ya gama, Inna takan ja tsaki.

"Wagga waya taka ta cika surutu," in ji ta. "Mi tac ce ga zancen ruwa?"

Sai in sake kunnawa daga farko.

Haka muke har shekarar da aka datse sabis a jihar nan gaba ɗaya saboda 'yan bindiga. Majalisa ta mutu. Wayoyi suka koma fitila da rediyo. Masu hali sukan bi mota har su tsallaka wata jiha don su buga waya, ni ban da halin. Da aka dawo da sabis na garzaya shago ina cewa yau sai memorina ya cika da muryarsa. Saƙonni suka yi ta shigowa, na 'yan talla, na wa'azi, na barkwanci. Nasa babu ko ɗaya. Na tura masa gaisuwa, alama guda ta fito a gefen saƙon, ta tsaya nan.

Wanda bai sani ba, alama guda tana nufin saƙo ya bar wayarka bai isa ba. Biyu, ya isa. Idan suka yi shuɗi, an buɗe. Wannan alama guda sai da majalisa ta yi makonni tana tafka muhawara a kanta. Direba ya ce sace wayar aka yi, don a wuraren haƙa har takalmi ba ya kwana. Mai shago ya ce hamada ce, mutum yakan yi watanni bai ga sabis ba. Ni na ce yayana ne da sakaci, ya bar layinsa ya mutu, kuma na faɗa da ƙarfi don in ji kaina ina faɗa. Akwai amsa ta huɗu da kowa ya sani, ba wanda ya kawo ta kan benci. Mai shago ne ya ƙara da cewa saƙon da ya wuce kamar wata guda bai isa ba, zubar da shi ake yi a hanya, gara in riƙa sake turawa. Wannan kam ban yi masa gardama ba.

Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Na tambayi duk wanda aka ce ya dawo daga arewa, a Anka, a Gummi, har gidajen da ban san kowa ba. Wannan ya ce ya gan shi ya yi gaba wajen iyaka, wancan ya ce bai taɓa jin mai irin sunan ba. Inna ba ta tambaye ni ko sau ɗaya ba. Ta dai rame, kuma ta koma tsince wake a bakin ƙofa ranar kasuwa.

Wata safiya bayan girbi, ina ɗaure jakar wayoyi, ta kira ni ɗakinta ta saki asabari.

"Abin ga da kuka magana ciki," ta ce, ba ta dube ni ba, "ƙaƙa aka yi nai?"

Na danna mata na kulle yadda zai yi ta ɗauka, na aje a kan gado. Ta ce in fita. Na fita, amma asabari ba ƙofa ba ne. Na ji ta yi gyaran murya, sannan ta kira sunan yayana. Cikakken sunansa na yanka. Ina da gemu da 'ya'ya, ranar na fara jin sunan nan a muryar uwar da ta haife shi. Ta ce ita ce. Ta ce gero ya yi kyau bana, ba a rasa abin ci ba. Ta ce ya komo gida ko da hannu wofi, ba wanda zai yi masa gori. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Na tura a shagon caji. Alama guda. Da na dawo na nuna mata kusurwar da ake dubawa, na yi mata bayanin guda da biyu da shuɗi. Inna ba ta karatun boko, amma wannan ta riƙe shi nan take. Daga ranar, duk mako in sake tura muryar tata, in na dawo ta karɓi wayar da hannunta ta kai kusa da ido.

"Guda," takan ce. "Shina hanya."

Ban san iya makonnin da muka yi a haka ba. Majalisa ta yi ta sauya zance. Aka yi yayin 'yan rawa a manhajar gajeren bidiyo, na ce ƙarshen duniya ne, kuma ban fasa kallo ba. Aka zo da na'urar da kake tambaya ta ba ka amsa kamar mutum, direba ya tambaye ta hanyar da ta fi lafiya zuwa Gummi, ta ba shi wadda ko soja ba ya bi. Muka yi dariya har da hawaye. Ni dai in na tura saƙon Inna sai in kife wayar, in shiga gardama da duk ƙarfina.

Rannan na tura, ban kai ga kifewa ba, alama ta zama biyu. Kafin in ja numfashi suka yi shuɗi. Na yi ihun da ya sa 'yan kabu-kabu suka tashi tsaye suna zaton 'yan bindiga sun shigo gari. Direba ya rungume ni, ana ta kabbara. Sai mai shago ya miƙo hannu. Ya karɓi wayar ya taɓa hoton da ke saman lambar. Wata matashiya ce da farin mayafi, riƙe da jariri. Ya ce mini a hankali, layin da ya daɗe ba a amfani da shi, sake sayar da shi ake yi.

Ba a jima ba murya ta shigo, da Hausar can gabas. "Mama, don Allah ki yi haƙuri. Wallahi sabon layi ne na saya, ban san shi ba. Na ji saƙonki har na yi kuka. Allah ya bayyana miki shi."

A kan babur na yi ta shirya ƙarya har muka iso, ba wadda ta zauna. Kuma ko ta zauna ba amfani, don Inna da idonta take dubawa. Ta karɓa, ta kai kusa da fuska, ta ga biyu, ta ga shuɗi. Abin da ya bayyana a fuskarta lokacin ba na son tunawa, don farin ciki ne. Na kunna mata muryar yarinyar kafin ya yi nisa. Ta saurara har ƙarshe, ta sa gefen zane ta rufe bakinta.

"Ɗiyar mutane ta ji ni ina kiran sunanai?"

Na ce ta ji.

Sannan ta ce, "Kasuwa mai zuwa ka sake aikawa."

"Inna, lambar ba tashi ba ce yanzu."

"Na jiya. Wata lamba gare ka?"

Ba ni da wata. Na ci gaba da turawa. Da farko yarinyar takan amsa da addu'a. Daga baya ta roƙe ni da girman Allah in bari, ta ce muryar tsohuwar tana hana ta sukuni, mijinta ma ya fara tambaya. Na ba ta haƙuri, mako ya zagayo na sake turawa, domin da safe Inna ta raka ni har ƙofa. Sai ta daina amsawa, alamun dai suna yin shuɗi. A majalisa direba ya kawo shawara, wai yanzu akwai manhajar da za a ba tsofaffin saƙonnin yayana ta kwaikwayi muryarsa sak, a sa ta ce wa Inna yana lafiya. Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Na ce masa idan ya sake faɗa, ni da shi har abada. Raina ya ɓaci ne don tun kafin ya faɗa na riga na yi tunanin.

Makon da ya wuce na tura, hoton yarinyar ya ɓace, alama ta tsaya guda. Mai shago ya duba, ya ce ta toshe ni, daga yau ko shekara nawa zan yi ina turawa ba za ta ƙara zama biyu ba. Ban ga laifinta ba. Na zauna har batir ya cika, ana gardama kan wani sabon fim, aka nemi ra'ayina na ce ban gani ba.

Na iske Inna a bakin ƙofa da faifanta. Ta goge hannu a zane, ta karɓi wayar, ta kai kusa da ido. Ta daɗe tana kallo. Sai na ga kafaɗunta sun sauka, irin saukar wanda aka ɗauke wa kaya.

"Guda," ta ce. "Alhamdu lillahi. Ya koma hanya."

Ta miƙo mini wayar, ta ce in kashe ta kada batir ya ƙare kafin kasuwa.