Ni na haɗiye ƙwaya uku ranar bikin Falmata

Jama'a, Kaka Hajja ce ta Bulumkutu. Wata biyar ba ku ji ni ba, har wasu sun fara tambayar ranar sadakata. Ina nan da raina. Kunya ce ta ɓoye ni.

Bara hannuna na dama ya fara rawa. Kafin shayi ya kai baki na zubar da rabi. A asibiti aka sa ni tafiya, aka ɗebi jini, kuɗin tunkiyata ya ƙare a gwaji. Likita ya ce cutar rawar jiki ce da ake kira Fakinsin, ba ta warkewa, lallaɓa ta ake yi. Ya rubuta wata 'yar farar ƙwaya, rabi safe rabi yamma.

Ya ce, "Hajja, a shekarunki wannan tana ruɗa kai. Kada ki ƙara."

Ta yi aiki kuwa, rawar ta lafa. Sai dai baki ya bushe kamar ina azumi, ido dishi-dishi, bayan gida sai an kwana uku. Matar ɗana, Yagana, ita ke riƙe maganin tana ba ni.

Sai ga bikin 'yarta Falmata. A wajenmu tsohuwa ce ke wanke wa amarya kai, mata cike da gida suna kallo. Na ce ba za a gan ni ina karkarwa a kan jikata ba. Yagana na wajen girki, na buɗe jakarta na haɗiye uku.

Sauran labarin ba ni aka yi. Wai na ce akwai kyanwa a cikin ruwan wankin. Wai na kama mayafin gwaggon ango na ce ta fita, ban san ta ba. Fitsari ya ƙi fita. Kwana huɗu ina gadon asibiti da roba a jiki. Aka kai amarya, uwarta na zaune a gefen gadona.

Ina ji ɗana ya ce, "Yagana, maganin tsohuwa ɗaya ya gagare ki?"

Ta ce, "Rabi na ba ta, Baban Falmata."

Ba wanda ya yarda. Ni kuwa na rufe ido kamar mai barci.

Likita kaɗai na faɗa wa. Ya janye ƙwayar a hankali ya canza wata. Yanzu hannu na ɗan rawa, amma kaina daidai, alhamdulillahi. Na gode wa ma'aikatan jinya da duk wanda ya zo dubiya.

Masu tsoho a gida: kada a ƙara maganin nan, kada a yanke shi lokaci ɗaya. In tsohon ya fara mantuwa, ko ganin abin da babu, ko fitsari ya tsaya, a kai shi asibiti, ba aljanu ba ne.

Jiya na kira Yagana na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Na sani, Mama. Tun ranar na ƙirga su."

Wata biyar tana shan zagin dangi don ta rufa min asiri. Ita ke buga min wannan a waya, ta roƙe ni a cire sunanta. Na ce ko harafi ɗaya kada ta taɓa.