Ranar da Motar Baba Ta Kasa Isa Wurin Kaka

Jiya a bakin tashar Gummi wani matashi ya wuce da mota tana jan ciki, salansarta ta gogi tudun hanya, ƙiii! Sai da na ajiye kayan da ke hannuna. Na san wannan ƙarar, kuma duk ranar da na ji ta raina ɓaci yake yi.

Babanmu yana da wata tsohuwar farar mota mai ƙofa huɗu. Shi ya kai ta wurin makanike a Anka aka ɗaga ta: aka sa mata dogayen sifirin, aka yanka tsohuwar taya aka cusa a samansu. A kan kwalta rangaji take yi kamar raƙumi, yaran unguwa na yi mana dariya. Baba ko a jikinsa. Don Kaka ya yi, mahaifiyarsa da ke ƙauye bayan Zugu, wadda ƙugunta ya taɓa gocewa har ba ta iya zama kan babur. Da damina motocin hatsi kan haƙe hanyar nan gefe da gefe, su bar tudu a tsakiya, amma tamu sai ta haye abinta. Ina tuna Kaka a kujerar gaba, ƙanshin daddawa da man shanu ya cika motar, tana shafa ƙofa tana sa wa Baba albarka.

Da Baba ya rasu, mota ta koma hannun ƙanensa. Mutum ne mai son a kalle shi. Gero bai ko fitar da kai ba ya kai ta Gusau, aka cire robobin tayar nan aka zubar, aka sa gajerun sifirin da shokazoba masu tauri. Ya dawo yana fariya, wai yanzu ta kama ƙasa, ko da gudu ya sha kwana ba ta karkata.

Inna, mahaifiyarmu, ta leƙa ƙarƙashinta, ta ɗago ta ce, "To hanyar tsohuwa fa?"

Ya ce, "Haba Inna, sau nawa ake zuwa can?"

Ka ji fa! Wurin Kaka, uwar da ta haife shi.

Ana tsakiyar damina aka aiko Kaka ba ta ko iya tashi. Muka kama hanya da hantsi, ƙanen Baba na tuƙi, ni da Inna a baya. Muna barin kwalta aka fara, ƙiii, ƙiii, har ta ɗare kan tudu, tayoyi na juyawa a banza, baƙin mai na tsiyaya cikin laka. Manoma suka bar fartanya suka tura, ina! Ƙanen Baba kuwa ya durƙusa yana duba bamba, yana tsaki.

A kan babur aka fito da Kaka. Inna ta aika da mayafinta aka ɗaure Kaka a bayan ɗan acaba kamar goyo. Duk ramin da suka faɗa sai ta yi nishi. Da suka iso inda muke, ta dubi motar, ba ta gane ta ba. Ta ce, "Ina motar ɗana? Bai aiko ta ba?"

Haka aka wuce da ita a kan babur. A asibitin Bukkuyum ta cika. Na sani, ajali ne, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma wahalar da ta sha a wannan tafiya mutum ne ya jawo mata, saboda a ce motarsa ta iya shan kwana.

Yanzu 'yan bindiga sun hana bin hanyar, gidan Kaka ya zama kango. Ƙanen Baba ya tsufa, gwiwoyi sun ƙi. In zai je asibiti ni yake aiko wa, don motar mijina tana da tsawo. Ina zuwa, ina buɗe masa ƙofar gaba. Duk ramin da muka wuce lafiya sai ya ce, "Kai, motag ga da daɗi."