Tambayar da Madam Dibora ba ta yi wa Nomau ba

Kullum kafin lokotoro, wato likita, ya iso, Madam Dibora ta riga ta zaga ɗakin masu jiran aikin ƙafa, 'yar kujerarta a hannu. Shekara talatin tana aikin jinya a asibitin Damagaram, haka take: ta zauna, ta gaisa, sannan ta fara tambaya.

Mutanenmu kuwa kun san su. Ko ƙafar mutum na ruɓewa, ka ce yaya jiki, sai ka ji "da sauƙi". Shi ya sa ba ta tsayawa nan. Kirista ce, amma sai ka ji ta ce, "Baba, a tsaye kake salla ko a zaune? Ƙafar na lanƙwasuwa wajen tahiya? Me ka ci jiya?" Daga amsar take gaya wa lokotoro wanda aiki zai karɓa, da wanda sai an jira ya yi ƙarfi tukuna. Da wuya ta kuskure.

Ba da sauƙi ta koyi wannan ba. Lokacin farin da aka yi a 1973 aka kawo Nomau, manomi daga Droum, ya faɗa rijiya garin yasa, idon sawunsa ya karye. Ta ce yaya ƙarfin jiki, ya ce da sauƙi, ta rubuta ta wuce. Aka yi aiki. Ashe wata biyu rabonsa da ƙoshi, abincin asibitin ma a ɓoye yake miƙa wa matarsa Indo ta kai wa yara. Ciwon ya ƙi haɗewa, aka yanke ƙafar.

Madam, ke ce mai kunnen da ba ya gaggawa. Mutane da yawa na takawa a Zango da Takieta saboda ke, ko sunanki ba su sani ba. Abin takaici, ga fari ya dawo bana, ɗakin ya cika da mayunwata, ke kuma kin ajiye aiki, babu wanda ya zauna ya koyi tambayoyinki.

Ranar sallamarta Nomau ya zo yana dogara sanda.

"Madam, ki bar sunkuyar da kai in kin gan ni. Ni na ɓoye miki."

"Malam Nomau, kai kunya ce ta hana ka faɗa," in ji ta. "Ni me ya hana ni tambaya?"

Mun gode, Madam Dibora, Allah ya saka. Ku da kuka gaje ta, ku zauna ku sake tambaya, ko da layi ya kai ƙofa. Sau ɗaya ta yi sauri, damina goma sha ɗaya ke nan Nomau bai shiga gonarsa ba.