Gafakar Baffa a Jirgin Sama

Jirgi na shirin tashi daga Kano, ni murna kamar in yi tsalle, don ni da Baffa ba mu taɓa hawa ba. Tun daga Rogo gafakar Alƙur'aninsa tana rungume a ƙirjinsa.

Sai ga ma'aikaciyar jirgi. "Baba, a yi haƙuri, ba a riƙe kaya lokacin tashi da sauka. Wurin kaya na sama ya cika, a tura ta ƙarƙashin kujera."

Baffa ya dube ta. "'Yata, inda ake sa ƙafa? Gara ku sauke ni."

Baffa ba ya magana biyu, ga likitan ido na jiranmu a Abuja.

Wani fasinja a bayanmu, ko Hausa ba ya ji, ya tambayi abin da ake ciki. Ana yi masa bayani ya miƙe, ya sauko da jakarsa, ya tura ta ƙarƙashin kujera. Gafaka ta samu wuri a sama.

Har muka sauka Baffa na waiwaye yana sa masa albarka da Fillanci.

Ko sunansa ban tambaya ba. Ku taya ni yi masa addu'a, Allah ya san shi.