Tuwon Malam Yakubu a Janfalan

Litinin, Zariya zuwa Kudan

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, ofishinmu na aikin gona ya tura ni rangadi, musamman in ji abin da ya sa Malam Yakubu, malamin gona na Janfalan, ya aiko da takardar barin aiki. Ƙarfe biyar da rabi na asuba na ɗora kekena bisa lori, sule ɗaya har Kudan. Direba ya ce, "Malam, riƙe hularka, hanyar nan ba ta san manya ba." A garin Taba na tarar da malamin gonarmu na can yana ta musu da manoma kan shuka auduga a layi. Shi kam kukansa ɗaya, tayar keke.

Talata, Maƙarfi

A bakin gari ɗan doka ya tare ni, wai ina lasin keke. Na nuna, ya sara mini. Na kwana a gidan baƙi, daga ni sai sauro.

Laraba, Ikara zuwa Janfalan

Na isa ƙarfe huɗu, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Yakubu mutumin kudancin Zariya ne, saurayi mara yawan magana. Gonar gwajinsa kuwa, tubarkalla! Mai gari ma cewa ya yi, "Malam ai namu ne."

Na ce, "To Yakubu, me aka yi maka?"

"Ba kome, ranka ya daɗe."

Bayan magariba aka kawo akushin tuwo daga gidan mai gari, aka ajiye a ƙofar ɗakinsa, aka juya. Can gindin durumi magidanta sun zagaye kwanoninsu, ana ci ana shewa.

"Kullum haka kake ci?"

"Wata goma sha huɗu ke nan. Wai malamin gwamnati ya fi ƙarfin sa hannu da talaka."

Wallahi raina ya ɓaci. Na sungumi akushin, na ce ya biyo ni, muka nufi gindin durumi. Sai hira ta mutu, kowa ya tsame hannunsa. Mai gari ya miƙe.

"Haba, ranka ya daɗe! Mu ci da malamai? Ai sai a ce mun raina ku."

Nan da nan aka shimfiɗa mana sabuwar tabarma can gefe. Muka ci mu biyu. Tausayinsa ya kama ni.

Alhamis, komawa gida

Ya raka ni har bakin rafi, ya ce, "A bar takardar yadda take, ranka ya daɗe." Da na waiwaya yana nan tsaye.

Na iso Zariya ƙarfe shida na yamma lafiya, alhamdu lillahi. Ina kuma gode wa mutanen Janfalan, don ni shaida ne, ba abin da suka yi masa sai girmamawa.