Ranar da Na'ura Ta Ji Tsoron Darakta

Wata Litinin ce cikin damina, da hantsi, a ƙaramin gidan rediyonmu da ke Sabon Gari. Mu uku ne a buro, wato ofis: ni, da darakta, da sakatariyarmu, wata dattijiwa 'yar Tibiri da kowa ke kira Madam.

Aikina karanta labarai ne, amma na koyi rubuta ƙananan shirye-shiryen na'ura da harshen kwamfuta na Python. Na rubuta guda wanda ke shiga rumbun bayanai da ke cikin tsohuwar kwamfutar buro, ya ɗauko sanarwoyin da Madam ta shigar, ya jera mini su a allon sutudiyo. Wata rana ya yi aiki lafiya lau, wata rana ya ce an ƙi ba shi hanya.

Darakta ya gaji. Ya ce, "Malam, in ya sake yi mana haka zuwa Jumma'a, mun koma takarda. Kai kuma ka tsaya ga makirfo ɗinka."

Madam, wadda ke kiransa Mushe, wato maigida da Faransanci, ta yi dariya. "Ai tsoronka yake ji, Mushe. Ran da ka tafi Jiratawa, wallahi har gudu yake."

"To ko shi ya san mai gida," in ji darakta, ya shige ofishinsa.

Na bi abin daki-daki, yadda ake tace labari kafin a karanta. Rumbun a kunne yake. Kalmar sirri daidai take. Na sauya waya, na leƙa bayan tebur ko ɓera ya yi ɓarna, ban ga komai ba. Daga kan tsohuwar kwamfutar shirin na shiga rumbun nan take, daga sutudiyo kuwa sai ya tsaya a ƙofa.

Zolayar Madam ce ta ƙi fita raina, domin da na tuna baya, gaskiya ta faɗa. Duk ranar da darakta ke gari, abin ya lalace.

Washegari na yi sammako, na hau kabu-kabu, na riga kowa zuwa. Madam ta iso ta same ni a bakin ƙofa.

"Ƙanena, lafiya? Ko an kore ka daga gida?"

"Zuwa na yi in ga yadda kike buɗe buro, Yaya."

Kowace yamma takan cire duk wayoyin lantarki saboda tsawa. Da safe ta mayar. Na ga ta kunna akwatin rezo mai haɗa na'urorinmu, ta wuce tsohuwar kwamfutar ko kallo, ta shiga ofishin darakta ta kunna tasa.

"Don mi kika fara da waccan?"

Ta dube ni kamar na tambayi abin da yaro ya sani. "A kunna ta yara kafin ta babba? In ba ya gari dai na bar tasa a kashe, don tsohuwar ita ce babba a nan."

Akwatin rezo yana raba wa na'urori lambar adireshi ne bi da bi, wadda ta fara tashi ita ke samun ta farko. Ni kuwa lambar farkon na rubuta cikin shirina. Ran da darakta ke nan, kwamfutarsa ke karɓe ta, sai shirin ya je yana sallama inda babu rumbu.

Da na yi wa darakta bayani, ya ce, "Wato ni ne matsalar?"

"Girmanka ne, Mushe," in ji Madam. "Ni dai ba zan sake tsari ba."

Ba a nemi ta sake ba. Na shiga akwatin rezo na keɓe wa tsohuwar kwamfutar lamba tata ta dindindin. Ran Jumma'a darakta na tsaye bayana na karanta sanarwar rabon ruwan manoman Jiratawa daga allo. An yi amfani da shirin har gidan rediyon ya tashi zuwa wata unguwa.